Mahaifina Yana Kaso, Ni Ina Aika Saƙo

A ƙarshen zamanin Nasara, lokacin da gyaɗa ce ke riƙe da Magarya, ni matashi ne mai aikin komi, wato magatakarda, a filin awo na wani kamfanin Faransawa. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi lakkol, wato makarantar boko, har na iya rubutu da lissafi da Faransanci daidai na aiki, daga nan aka ɗauke ni. Amma a idon mutanen garinmu ni babban ma'aikaci ne, ni ma haka nake kallon kaina. Ina da farin wando da ake goge mini, ina da keke, ina kuma da wani hali da har yau ban rabu da shi ba: ina son kowane abu ya zauna a wurinsa, kowane mutum ya san matsayinsa. Yanzu na tsufa, waɗanda abin ya shafa duk sun riga ni gidan gaskiya, shi ya sa na rubuto wa wannan mujalla. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma zan bi labarin daki-daki yadda ya faru.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne ni ɗan fari ne. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye ni aka kai ni wurin baffana, ƙanen mahaifina, a Sassumbrum. Daga gidansa aka ɗauke ni zuwa lakkol, sunansa aka rubuta a matsayin ubana, da shi kuma na shiga aiki. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. In zai ambace ni sai ya ce wancan yaron. Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. In muka haɗu a hanya ni zan durƙusa in gai da ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefe. Duk maganar da ke tsakaninmu sai ta bi ta bakin baffana, ko ta bakin gwaggona, yayarsu, wadda ke aure a Zango cikin Damagaram. Kada a ɗauka ƙiyayya ce. Kowace Sallah sabuwar riga takan zo mini, ba a faɗi wanda ya aiko ba, kuma ba ta taɓa yi mini kaɗan ba. Ashe daga nesa yake auna ni da ido.

Sana'arsa sayen gyaɗa. Shi da wani amininsa na tun ƙuruciya suke bin ƙauyukan Yekuwa da Dogo-Dogo da jakuna, su karɓi gyaɗar manoma a kan amana, su kawo filinmu a auna, in an biya su, su koma su sallami kowa. Sunan aminin ne kawai kamfani ya sani, don shi ne babba. Amma a wurinsu wannan ba komai ba ne. Mahaifina ne waliyyin 'ya'yan aminin nan mata, shi ke karɓar sadakinsu. In ɗaya ya yi alkawari ɗayan ke cikawa. A shekarar da nake magana kamfani ya daina bai wa manyan masu kawo kaya kuɗi a hannu, ya koma ba su shek, takardar da ake kaiwa banki a Damagaram, mai ita ya sa hannu a bayanta a ba shi kuɗinsa. Kafin shek ɗinsu ya fito, tafiya ta kama aminin zuwa Kano. Ranar da zai tashi ya ce wa mahaifina in takardar ta fito ya rubuta sunansa kawai ya karɓo, ya sallami manoma, kada a bar masu iyali suna jira. Ya faɗi haka a gaban wani mai sayar da goro da zai raka shi rabin hanya.

Ni da hannuna na miƙa wa mahaifina wannan shek. Ya zo ya tsaya gaban teburina cikin layi kamar kowa, yana kallon buhuna, ni ina kallon takarda. Na san abin da zai yi da ita, na kuma san a dokar Nasara ba a rubuta sunan wani a bayan shek ko da uwa ɗaya ta haife ku. Jimla guda ce zan faɗa. Amma ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba, ga mutane, sai na yi shiru. Da aka tashi aiki na aika wa baffana a Sassumbrum cewa ya gaya wa yayansa ya jira aminin ya dawo. Kafin saƙon ya je ya dawo, mahaifina ya riga ya isa Damagaram, ya rubuta sunan amininsa da ajami a bayan takardar, ya karɓo kuɗin, har ya fara rabon su a Yekuwa.

Abin da babu wanda ya sani shi ne aminin bai kai Kano ba. Sanƙarau ya kama shi a wani ƙauye bayan ya ƙetare iyaka, ya rasu, aka binne shi can. Labarin bai iso mu ba sai bayan an gama rabo. Daga baya babban ɗansa, wanda ya tashi a wurin dangin uwarsa a Nijeriya bai san yadda iyayen ke mu'amala ba, ya zo batun gado ya tambayi kamfani. Aka duba, aka ga ranar da aka sa hannu mai sunan yana cikin kabari. Jandarma suka zo suka tafi da mahaifina. A kotun Damagaram alƙalin Nasara ya tambaye shi ta bakin tafinta ko shi ya yi rubutun. Ya ce shi ya yi, da hannunsa na dama, kuma da aminin zai tashi ya sake ce masa ya rubuta, zai rubuta. Aka tambaye shi shaida, ya ce Allah da mai goro, amma bai san inda mai goro yake ba a ranar. Aka yanke masa shekara uku a kan laifin jabun sa hannu. Ni ban je shari'ar ba. Na ce bai dace ɗan fari ya ga ana tsayar da mahaifinsa ana yi masa tambaya ba. Dattawa suka yaba, suka ce lakkol ba ta cire wa yaron nan kunya ba.

Nan ne laifina na gaske ya fara. Kwana biyu da yanke hukunci, wani abokin karatuna da ke aiki a kotun ya aiko mini cewa ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Akwai ɗaukaka ƙara, abin da muke ce wa apel, inda ake aika takardun shari'a zuwa babbar kotu can bakin teku su sake dubawa. Amma ya ja kunnena a kan abu biyu. Kwanakin da ake bayarwa kaɗan ne, kuma dole wanda aka ɗaure ya nema da kansa. Sannan in ana so a wanke shi gaba ɗaya, sai an sami wanda ya ji aminin yana ba da izni, a rubuta shaidarsa a gaban hukuma. A cikin wannan makon mai goro ya zo har ƙofar ɗakina. Dattijo ne siriri, ya ajiye sandarsa ya zauna a ƙasa, ya kira ni ɗana, ya ce ya dawo daga ƙauye ya tarar da labari. Ya ce da kunnensa ya ji, kuma zai dafa Alƙur'ani a gaban Nasara ko a gaban wanda ya fi Nasara. Sai dai ya ce in hanzarta, don ya sayar da komai nasa, zai bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa, kuma ayari ba ya jiran mutum ɗaya. Biron kwamanda, wato ofishin mai mulkin gari, yana nan kusa, daga inda muke zaune ana hango tutarsa. Na ba shi ruwa ya sha, na yi masa godiya, na ce zan neme shi.

Ban neme shi ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, kuma yanzu na san dalilan a jere suke, wani a ƙarƙashin wani. Na sama, wanda nake faɗa wa mutane, shi ne kunya: na ce sai mahaifina ya yarda da apel tukuna, kuma ba ni ne zan tsaya gabansa in ce ya yi kaza ba. A ƙarƙashinsa akwai fushi, don a ganina ya karya ƙa'ida, ya jawo mana magana. Can ƙasa kuma akwai tsoro. Kamfanin da nake wa aiki yana cikin masu ƙara, in aka gan ni na ja shaida zuwa biron kwamanda, na tabbata teburina ya tafi. Don haka na yi abin da na saba. Na ba wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, saƙo zuwa ga gwaggona, wadda ke kai masa abinci gidan kaso, cewa ta gaya masa akwai apel. Amsa ta dawo cewa ya ce a bari, ya karɓi abin da Allah ya rubuta. Allah ya yafe mini, da na ji wannan amsa sai na ji wani nauyi ya sauka daga kaina. Na sake aikawa karo na biyu don kada a ce ban yi ba, amsar ba ta canja ba.

Sai gwaggona ta zo da kanta. Tsohuwa ce mai ƙiba, ta hau bayan kamyo tun daga Damagaram, ta sauka a filin awo zanenta duk ƙura, ta wuce 'yan dako ta tsaya a kaina. A gaban kowa ta gaishe ni da laƙabin girmamawa na Faransawa, wai mushe mai farin wando, ta tambaya ko da ƙaro aka manna wandon a kujera. Na ce gwaggo a yi haƙuri mu je gida. Ta ce ita da ta wanke mini kashi ba za ta nemi iznin yin magana a wurina ba. Ta ce ta gaji da zama jakar 'yan gidanmu, a ɗora mata magana a nan ta sauke a can. Da muka koma gefe muryarta ta sauka. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura, tari ya kama shi, rabin tuwon da take kai masa yana bai wa wani ɗaurarre da ba shi da kowa. Kuma kullum kafin ya buɗe kwano sai ya tambaye ta ko wancan yaron yana lafiya, ko yana zuwa aiki. Ta ce kwanakin da aka ce sun kusa ƙarewa, in ban bi ta gobe ba kada in ƙara kiran ta gwaggo.

Na bi ta. Mun same shi a tsakar gidan kaso yana tufka igiya tare da wasu. Gardi mai tsaron kason ya bar mu muka koma gindin bango. Ya rame, gemunsa ya yi fari fiye da yadda na sani. Da ya gan ni sai ya yi sauri ya ja riga ya rufe ƙafafunsa, sannan ya matsa cikin rana ya bar mini inuwa. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon bangon da ke gabansa, gwaggo tana tsakiya. Na ce gwaggo ta gaya masa na zo batun apel. Ya ce ta gaya mini ya ji. Na ce ta gaya masa akwai shaida. Ya ce ta gaya mini an gode. Gwaggo ta dube ni, ta dube shi, ta tattara kwanoninta, ta ce tsakaninmu bai kai kamu biyu ba, ita kuwa akwai tukunya a kan wuta. Ta tashi ta bar mu.

Ya yi tari. Shi ya fara magana. Bai juyo ba, ya tambaya a hankali ko na ci abinci a hanya. Wannan ce magana ta farko da mahaifina ya taɓa yi mini ba tare da kowa a tsakani ba. Sannan ya tambaya ko sun taɓa aikina saboda shi. Na ce a'a. Ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, dama abin da ke hana shi barci ke nan. Ya ce wani ɗaurarre ya gaya masa in ya ja shari'a da kamfani, ɗansa za su fara kora. Ya ce shi ya ci zamaninsa, shekara uku a wurin tsoho zaman jira ne, amma ni yanzu nake farawa, ko aure ban yi ba. Shi ya sa ya ce a bari. A nan na gane mu biyun abu ɗaya muke karewa, wato teburina, sai dai shi da shekarunsa yake karewa, ni kuma da shekarunsa. Na sunkuyar da kai na ce Baba, ina roƙonka ka nema. Ban taɓa kiran sa haka ba. Sai ya ce tun da ni na yi karatun Nasara kuma na ce a yi, to a yi.

Aka kai mu ofishin shugaban gidan kaso, aka rubuta buƙatarsa, aka miƙa masa alƙalami. Ya riƙe shi yana juyawa, sai ya tambayi tafinta, wannan karon sunan wa ake so ya rubuta, don kada a sake samun matsala. Tafinta ya fashe da dariya, gardi ma ya juya baya yana dariya. Na yi dariya ni ma, hawaye na zuba mini. Ranar ta kasance cikin kwanakin ƙarshe da doka ta bayar, mun shiga da ƙyar.

Saura shaida. Na koma Magarya na shiga wurin Nasaran da ke shugabantar filinmu, na ce ina neman izni in je neman shaidar mahaifina. Ya tambaye ni wane ne mahaifina. Da na faɗa masa ya yi mamaki, don sunan da ke takarduna na baffana ne, bai taɓa sanin akwai dangantaka ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan maganar banki ce da kotu, ba tasa ba, in je in dawo. Abin da na yi ta tsoro ke nan, ya ƙare cikin ɗaga kafaɗa. Na hau keke zuwa gidan mai goro, na tarar an toshe ƙofar da ƙaya. Maƙwabta suka ce ayari ya tashi ranar kasuwar da ta wuce. Na bi su Dungas, aka ce sun kwana sun wuce. Na tura keke cikin rairayi har Dogo-Dogo, wata mata a bakin rijiya ta ce ta ba su ruwa, sun ƙetare iyaka sun yi gabas. Ta ce akwai wani dattijo siriri a cikinsu da ya yi ta waiwaye. Wataƙila gida yake waiwaye. Ni dai na san abin da na ji.

Takardu suka tafi bakin teku ba shaida. Muka jira damina ta shiga ta fita. Da amsa ta zo, babbar kotu ta ce ta lura manoma duka an biya su kuma bai ci ko dala ba, saboda haka ta rage hukuncin zuwa abin da ya riga ya yi, a sake shi. Amma laifin jabu yana nan a kansa, don ba wanda ya tabbatar an ba shi izni. Abokina na kotu ya ce da shaidar mai goro ta shiga, da ya yi tsammanin za a wanke shi sarai.

Ya dawo gida da tarin nan. Bai ƙara sayen gyaɗa ba, don kamfani ba ya hulɗa da wanda aka taɓa ɗaurewa, wasu manoman kuma suna gaishe shi amma ba sa ba shi kayansu. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Abin da ya canja shi ne in na taso aiki nakan je in zauna a zaurensa, mu yi hira kamar kowane uba da ɗa, ko da yake har ya rasu bai dube ni cikin ido ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna ni da haɓa ya ce wancan yaron ne ya fitar da shi, shi ya bi shaida da keke har bakin iyaka. Ya sa mini albarka a gaban mutane ba sau ɗaya ba. Kowane lokaci nakan buɗe baki in gaya masa cewa shaidan ya zo har ƙofata na ba shi ruwa na sallame shi, sai in rufe. Ya yi damina biyu ya rasu. Mai goro ya dawo daga Makka bayan shekaru, ya tsaya ƙofar masallacin Juma'a ya faɗi abin da ya ji, mutane suka yi ta salati. Da muka haɗu ya riƙe hannuna ya daɗe, bai ce mini komai a kan ranar ba, ni ma ban ce ba.

Abin da na koya shi ne kunya abu ce mai kyau, ban ce a zubar da ita ba. Amma mayafi ce mai faɗi, mutum yana iya ɓoye tsoronsa da son kansa a ƙarƙashinta har a yaba masa. Duk wanda ya ji yana cewa kunya ce ta hana shi, ya ɗaga ya duba abin da ke ƙasa. Ina kuma jan kunnen masu rubuta sunan wani a takardar banki saboda amana: kotu ba ta san aminci ba, hannu take dubawa. In kuwa an ɗaure naka, kada ka aika, ka je da ƙafarka a ranar, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi dalilinsa, don sau da yawa wanda ya ce a bari, kai yake karewa. In shaida ya zo ƙofarka, kada ka bar shi ya tashi sai ka kai shi inda za a rubuta. Har yau akwai tsofaffi a Magarya da in za su yi wa 'ya'yansu faɗa sukan ce su yi koyi da komin nan da ya fitar da ubansa daga kaso. Ina roƙon wanda ya iya karatu a cikin jikokinsu ya karanta musu wannan, su daina. Mahaifina ya rasu yana yi mini godiya, ni kuwa gafara ya kamata in nema, kuma ban nema ba.